Waiwaye: Rikicin Beatles bai fara a Janairun 1969 ba

Tun da aka saki fim ɗin Get Back a 2021, mai kusan awa takwas, masoyan Beatles, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya mai mutum huɗu, ke ta kai ruwa rana kan faifan Let It Be, wanda fim ɗin ya nuna yadda aka yi aikinsa. Wasu na cewa ga 'yan ƙungiyar can suna raha, don haka zuzuta rikicin aka yi. Wasu kuma na nuni da ranar 10 ga Janairun 1969, da George Harrison, mai jitar ƙungiyar, ya ajiye aiki ya fice daga ɗakin fim na Twickenham. Duka ɓangarorin sun maƙale a watan Janairun 1969 kaɗai, alhali tsagar ta daɗe a bango.

Kowa ya san sun daina yawon wasa bayan na San Francisco a Agustan 1966, manajansu Brian Epstein kuma ya rasu a Agustan 1967.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda aikin sutudiyo ya sauya. Har zuwa 1967, tef mai layi huɗu, wato gurabe huɗu na ɗaukar sauti daban-daban, suke amfani da shi a sutudiyon Abbey Road da ke Landan. Layi huɗu bai da yawa: yawanci sai a ɗauki ginshiƙin waƙa, ganga da jita, a zama ɗaya. In layukan sun cika, sai a matse su a kan sabon tef don a samu gurbi, kuma kowane kwafi na ƙara tsakin tef yana cin tsabtar sauti. Abin da aka matse ba ya warwaruwa. Dole ke nan a zauna tare, a daidaita baki tun kafin a danna na'ura.

A 1968 suka fara aiki da layi takwas, a sutudiyon Trident cikin Yuli, sannan a Abbey Road cikin Satumba. Ga gurbi ya samu, ga ɗakuna fiye da ɗaya da suke buɗewa a lokaci guda. Mai waƙa na iya ɗora kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya jira kowa ba. Faifan mai farin bango (White Album) da suka fitar a shekarar na da waƙoƙi 30, amma 16 ne kawai duka huɗun suka yi kiɗa a ciki. Da Ringo Starr, mai gangar ƙungiyar, ya yi yaji na kusan mako biyu a Agusta, aiki bai tsaya ba; sauran suka buga gangar. A ganina wannan ya fi kowace cacar baki tsanani, don sun gane ana iya gama waƙa babu ɗayansu.

Sai ga Janairun 1969, suka gindaya wa kansu sharaɗin ɗaukar kowace waƙa kai tsaye, babu ɗori. Mutanen da suka saba aikin dare, kowa da ɗakinsa, aka tara su da safe a babban zaure mai sanyi na Twickenham, kyamarori a kansu. Sai da suka koma hedikwatarsu ta titin Savile Row a Landan, makaɗi Ba'amurke Billy Preston ya zo ya kama musu piyano, sannan zaman ya daidaita har suka hau rufin ginin suka yi wasa ranar 30 ga wata. Faifan Let It Be bai fito ba sai Mayun 1970, bayan ƙungiyar ta watse.