Malalar Taki da Yaɗuwar Gansakuka a Ruwa

Gansakuka tana mamaye tafki ko kogi idan sinadaran da ke ciyar da tsiro, wato naitrojin da fosfaras, suka yi wa ruwan yawa. Su ne dai ke cikin buhun kamfa da yuriya da supa, suna kuma cikin kashin shanu da ruwan masai da jinin mayanka. Abin da ke sa masara ta yi kore shar a gona, shi ke sa ruwa ya koma kamar an zuba masa koren fenti.

Ruwan da aka tare ya fi shiga haɗari, domin abin da damina ta wanko daga gonaki da lambatu a nan yake kwantawa. Madatsar Dadin Kowa, da aka kammala a 1984 a kan kogin Gongola, ita ke shayar da birnin Gombe, kamar yadda Gubi ke shayar da Bauchi. Don haka maganar ta wuce ta masunta da 'yan lambu, ta kai ga famfon cikin gida.

Da rana gansakuka na sakin iskar oksijin, da dare kuma ta shaƙe ta. Idan ta mutu ta nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su ƙarasa sauran iskar. Shi ya sa alamar farko ke bayyana da asuba: karfasa ta taso saman ruwa tana buɗe baki, tarwaɗa kuwa ko a jikinta, tunda tana iya shaƙar iskar sarari. Wani nau'in gansakuka, sayanobakteriya, yana fitar da dafin da ke lalata hanta, kuma tafasa ruwan ba ya kashe dafin. A Agustan 2014 an hana mutanen Toledo a Amurka shan ruwan famfo saboda shi, a 2020 kuma hukumomin Botswana suka ɗora masa alhakin mutuwar giwaye fiye da 300.

Maganin yana tudu, ba cikin ruwa ba. Tafkin Washington da ke birnin Siyatil a Amurka ya washe bayan an karkatar da ruwan masai daga gare shi tsakanin 1963 da 1968. Ba kowane tafki ke saurin farfaɗowa haka ba, domin fosfaras yakan ɓuya cikin laka ya yi ta tasowa shekara da shekaru. A gona, abin yi shi ne a binne taki a gindin shuka maimakon watsawa, a raba yuriya kashi biyu, kada kuma a zuba ta idan hadari ya haɗo. Barin jema ko wata ciyawa tsakanin fadama da gaɓa yana tare laka da taki, sai dai manomin rani ba ya son jin wannan, don nan ne ƙasar ta fi albarka.

Kwashe kainuwa da yanke kachalla, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Hadeja da Jama'are, suna taimakawa idan an fitar da abin da aka yanke zuwa tudu. In an bar shi ya ruɓe a ciki, aikin baban giwa aka yi. A mashigar teku kuwa naitrojin ne ya fi yin ɓarna, kamar a Tekun Meziko, inda takin da kogin Misisifi ke kwasowa ke ƙarar da iskar ƙasan ruwa kusan kowace shekara a lokacin zafi.