Karen da ke ɗaure a bayan gida

Mu ma'aikatan kiwo, in an kira mu duba akuya ko rago, sau da yawa mukan tarar da wata dabba da ba wanda ya ambace ta. Kare ne a lungun gida, ɗaure da guntuwar sarƙa, kwanon ruwansa a bushe, yana kwance kusa da kashinsa. A nan Damagaram ana ganin haka a Birni, ana gani a Zongo da Sabon Gari. In ka tambaya, maigida zai ce: "Ai in an sake shi ba zai yi zafi ba."

Wannan zafin da ake nema shi ne haɗarin. Karen da ya shekara bai taka waje ba, bai saba da mutane ba, ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya shigo bara. Ranar da sarƙa ta tsinke, ko yaro ya matsa kusa, wanda ya fi kusa da shi zai ciza.

Ga kuma zafin garin nan. A Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi, shi ya sa kake ganin harshensa a waje. In babu inuwa babu ruwa, yana iya mutuwa cikin yini ɗaya. Na san ruwa abin saye ne a Damagaram, kuma na san yadda ake jiran mai garuwa, amma kwano ɗaya safe da yamma ba zai karya gida ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne waya ko igiyar roba da aka ɗaura wa ɗan kwikwiyo aka manta. Yana girma tana nutsewa cikin naman wuyansa, har miki ya yi tsutsa. A sa abin wuya mai faɗi wanda yatsa biyu za su shiga, a riƙa dubawa, a cire kaska.

Malamanmu suna karantar da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Suna karantar da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki haƙƙinta.

Maganin ba sakin kare ya yi ta gararamba a bola da mahauta ba ne, can yake gamuwa da karnukan da ba a san lafiyarsu ba. A fita da shi da igiya a hannun babba, bayan asuba ko dab da magariba, ko da minti 20 ne. A taɓa ƙasa da hannu tukuna. In ta ƙone ka, za ta ƙone tafinsa. A kauce wa ƙofar masallaci, makarantar allo da cunkoson kasuwar Dole, don maƙwabci ma yana da haƙƙi.

Kafin fitar nan, allurar rigakafin haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan ba a tashi. Ana fara yi wa kwikwiyo tun yana wata 3, sannan a sabunta yadda likitan dabbobi ya rubuta a katin rigakafin.

In kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, kada a zuba toka ko barkono, a tafi gidan likita a ranar. Shi kuma karen kada a yi gaggawar kashe shi. A killace shi a inuwa da ruwa da abinci, a sanar da ma'aikatar kiwo, a sa masa ido aƙalla kwana 10.