DAC na leza: akwatin da ke tsakanin kwamfuta da majigin leza

DAC na leza wani ɗan akwati ne da ke karɓar lambobi daga kwamfuta ya mai da su wutar lantarki mai hawa da sauka, ita kuma wutar ta je ta juya madubai biyu da ke cikin majigin leza, sai ka ga zane a bango. Mai leza a wurin biki a Katsina zai iya aikinshi bai ma san da shi ba, tunda majigin yana zuwa da zanenshi a ciki, a kunna ya yi ta fidda tauraro da fulawa har a tashi. Amma ranar da mutum ya ce shi da kanshi zai rubuta manhajar, yana son sunan ango da amarya ya fito da ƙ da ɗ ɗinshi daidai, ko da ajami, ko ya zana hasumiyar Gobarau tana motsi tare da kiɗa, to daga nan DAC ya zama dole.

Yadda abin ke aiki

Majigin leza ba irin majigin kallon ƙwallo ba ne. Ɗigo ɗaya tak ne na haske, madubai biyu da ake kira galbo suke yawo da shi, ɗaya hagu da dama ɗaya sama da ƙasa, da saurin da ido ke ganin kamar layi ne a tsaye. Ana auna saurin da adadin ɗigo a daƙiƙa, 20,000 ko 30,000 ko 40,000. Lissafin mai sauƙi ne, in galbonka na 30,000 ne kuma kana son hoton ya maimaita sau 30 a daƙiƙa don kada ya riƙa ƙyaftawa, ɗigo 1,000 kacal gare ka a kowane hoto. A cikin dubun nan za ka cire waɗanda za a kashe haske madubi ya tsallaka daga harafi zuwa harafi, ka cire waɗanda za ka maimaita a kusurwa don madubin ya samu ya tsaya ya juya, in ba haka ba murabba'i ya fito kamar ƙwai. Shi ya sa dogon suna ke rawa a bango.

Bakin ILDA

Kafin a yi maganar akwati sai a leƙa bayan majigin. In akwai baki mai ƙafa 25, irin na tsohuwar firinta, an rubuta ILDA, to an dace. ILDA ƙungiya ce ta masu wasan leza ta duniya da aka kafa a 1986, ita ta tsara me kowace ƙafa ke ɗauka. Ƙafa ta 1 da ta 14 na X ne, wato hagu da dama, ta 2 da ta 15 na Y, wato sama da ƙasa, ja da kore da shuɗi suna kan 5 da 6 da 7. Siginar X da Y waya bibbiyu take bi, ɗaya kishiyar ɗaya, bambancinsu ya kai volt 10 ta kowane ɓangare, launuka kuma 0 zuwa 5, an yi waya bibbiyun ne don hayaniyar da kebul ya kwaso a hanya ta soke kanta. Ƙafa ta 4 da ta 17 su ne makullin tsaro, in ba a haɗe suke ba majigi mai bin ƙa'ida ba zai fidda haske ba sam, kuma mutane da yawa nan suke zaton sabon akwatinsu ya lalace.

In babu bakin ILDA sai DMX kawai, gaskiya a haƙura. DMX, wato DMX512, tsarin sarrafa fitilun dandali ne, tashoshi 512, yana sabuntawa wajen sau 44 a daƙiƙa, abin da zai iya shi ne ya ce ma majigi ɗauko zane na 12 ka juya shi ka canza launi. Ba ya iya kai ɗigo dubu talatin.

Akwatunan da ake samu

Tambayar farko ga mai rubuta manhaja ba kuɗi ba ce ba kuma sauri ba, ita ce shin masu akwatin sun buɗe ƙofa, wato sun bari manhajar kowa ta yi magana da shi. Pangolin na Amurka su ne manya a harkar, FB3 ɗinsu na USB da FB4 na netwok kaya ne masu kyau ba musu, sai dai an yi su ne su yi aiki da QuickShow da Beyond, manhajojin kamfanin. Wanda zai yi wasa da manhajar da aka gama, ya saya hankali kwance. Wanda zai rubuta tashi kuwa zai tarar dole ya biyo ta cikin manhajarsu.

Helios ɗan ƙarami ne na USB, daga Norway, an saki lambar manhajarshi da kayan rubuta mashi manhaja kyauta kowa ya gani. X da Y lamba ce daga 0 zuwa 4095, launi 0 zuwa 255. Tsarinshi hoto-hoto ne, ka tara ɗigoginka ka tambaye shi ya shirya, in ya ce eh ka miƙa mashi, shi kenan. Ga ɗalibi ko mai fara koyo ni dai ban ga kamarshi ba, da yamma ɗaya za ka ga da'ira a bango. Matsalarshi ta USB ce, kebul ba ya son wuce mita 5, sai dai ka ja dogon kebul na ILDA daga akwatin zuwa majigi.

Ether Dream kuma kebul na netwok yake amfani da shi, wanda ke kai mita 100, kuma da suwic ɗaya, wato akwatin raba netwok, ka haɗa majigi huɗu biyar. Shi ma a buɗe yake. Yana shelar kanshi a netwok ta hanyar aika saƙo da ake kira UDP a ƙofa mai lamba 7654 duk daƙiƙa, ka haɗu da shi ta wata hanyar da ake kira TCP a 7765, kowane ɗigo bayit 18. Amma shi kwarara yake so ba hoto-hoto ba, kamar randa mai huji a ƙasa, kai ne za ka yi ta zuba ruwa daidai yadda yake fita, ka cika ta zube, ka yi jinkiri ta ƙafe. Ma'ajiyar samfurin farko ɗigo kusan 1,800 take ɗauka, a gudun 30,000 wajen mili-daƙiƙa 60 kenan, to in manhajarka ta tsaya tunani fiye da haka hoto ya yanke. Don haka ake ware ma aikawa zarenta daban a cikin manhaja, wato ɓangaren da ke gudana shi kaɗai ba ya jiran sauran aiki, kuma kada a yarda da Wi-Fi a zauren da mutum ɗari uku kowa da waya a hannu.

Akwai kuma IDN, tsarin da ita ILDA ta fitar na aika ɗigo ta netwok, amfaninshi manhajarka ba ta auri kamfani ɗaya ba. Wanda ba ya son farawa daga tushe, akwai kayan gina manhaja da aka riga aka yi, ofxLaser da TouchDesigner, duk suna magana da Helios da Ether Dream.

Sai hanyar talaka, katin sauti na USB mai tashoshi da yawa, irin mai cif ɗin CM6206. Ana cire kafasitocin da ke bakin fita don wutar da ba ta motsi ta samu wucewa, a haɗa mashi ƙaramin amfilifaya ya daidaita siginar zuwa ta ILDA, yana ba da ɗigo 48,000 a daƙiƙa, manhajar leza ta OpenLase a Linux da shi aka gina ta. Duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe ƙarfen narka dalma zai iya. Sai dai katin sauti bai san leza yake tuƙawa ba, in kwamfuta ta yi ƙarar shigowar saƙo ta nan, madubai ne za su sha.

Abin da ake mantawa

Akwati mai kyau ba ya gyara majigi mara kyau. In launukan majigin TTL ne, wato kunna ko kashe kawai, launi bakwai za ka samu ko da wane DAC ka saya. Lambar saurin da aka rubuta a kwali kuma yawanci a kusurwa digiri 8 aka auna ta da zanen gwaji na ILDA, ka buɗe hoton ya cika bango sai ka rage gudu, in ba haka ba galbo ya yi zafi, ga zafin Afrilu ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a madubi. In kwamfuta na kan janareta majigi na kan wata wutar daban, USB kan kwaso tsuwa layi ya riƙa karkarwa, netwok bai cika wannan ba tunda akwai taransifoma a bakinshi da ke raba su.

Abu mafi muhimmanci a gwada kafin a fita da kaya shi ne a zare kebul ana tsakar wasa a ga me zai faru. Akwatin kirki kashe haske yake nan take. In madubai suka tsaya haske na kunne, duk ƙarfin lezar ya taru a wuri ɗaya, kuma duk abin da ya haura miliwat 500 aji na 4 ne, mafi haɗari a ma'aunin tsaron leza na IEC 60825-1, yana lalata ido kafin mutum ya ƙyafta, yana ƙona kyamarar mai ɗaukar hoton biki ma. Manhaja ta fara da haske a sifili, a sa maɓallin kashewa na hannu a layin ƙafa 4 da 17, hasken ya wuce saman kan jama'a sosai. A fili kuma kada a harba sama, musamman unguwannin da ke kusa da filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa.