Howard Cosell

Howard Cosell (1918–1995) ɗan jarida ne Ba'amurke, mai sharhin wasanni a gidan rediyo da talabijin na ABC, wanda ya yi tashe daga shekarun 1960 zuwa farkon 1980. An fi saninsa da sharhin damben zamani, da shirin ƙwallon ƙafa irin ta Amurkawa mai suna Monday Night Football, da kuma kusancinsa da Muhammad Ali.

An haife shi ranar 25 ga Maris, 1918, a Winston-Salem da ke jihar North Carolina, cikin dangin Yahudawa, ya kuma tashi a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Lauya ne tun asali. Ya karanta shari'a a Jami'ar New York, ya yi aikin soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har ya kai muƙamin manjo. A 1953 ya soma gabatar da wani ɗan shiri a rediyon ABC, a 1956 kuma ya ajiye aikin lauya ya rungumi aikin watsa labarai gaba ɗaya.

A wancan zamani aikin mai sharhi bai wuce yabon 'yan wasa da faɗin sakamako ba. Cosell ya shigo da tambayoyi irin na kotu, da manyan kalmomi, da wata murya ta hanci mai yanka magana gaɓa-gaɓa. Bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba, kuma bai ɓoye rainin da yake yi wa tsofaffin 'yan wasan da ake ba aikin sharhi don sunansu kawai ba.

Inda ya fi nuna halinsa shi ne lamarin Ali. Da Cassius Clay ya sauya suna a 1964, 'yan jarida da yawa sun ƙi kiransa da sabon sunan. Cosell na cikin na farko da suka kira shi Muhammad Ali a gaban jama'a. A 1967 Ali ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe. Cosell ya fito fili ya ce an tauye masa haƙƙi, tun da an hukunta shi kafin kotu ta saurari shari'arsa. Wannan ya jawo masa wasiƙun zagi da barazana. A 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da wata kotu ta yanke wa Ali kan ƙin shiga soja. Hirarrakin su biyun kuwa wasa da dariya ne, Ali na yawan tsokanarsa cewa zai tuɓe masa gashin kantin da yake rufe sanƙonsa da shi.

Cosell ne ya yi sharhin damben George Foreman da Joe Frazier a Kingston, babban birnin Jamaika, ranar 22 ga Janairu, 1973, inda Frazier ya sha ƙasa sau 6 cikin turmi biyu. Ihun da Cosell ya yi ta maimaitawa na faɗuwar Frazier har yau ana sako shi.

Shirin Monday Night Football ya fara ne a Satumbar 1970 bisa jagorancin Roone Arledge, shugaban sashen wasanni na ABC. Cosell ya zauna tare da Don Meredith, daga 1971 kuma da Frank Gifford, dukansu tsofaffin 'yan wasa, gardamarsu ta zama rabin abin da ke jan 'yan kallo. A wannan shiri ne, daren 8 ga Disamba, 1980, ya sanar da miliyoyin Amurkawa kisan mawaƙi John Lennon.

A Nuwambar 1982 Larry Holmes ya yi wa Randall Cobb dukan kawo wuƙa har turmi 15 ba a tsayar da wasan ba, makonni biyu bayan wani damben da ya yi ajalin ɗan Koriya ta Kudu Duk-koo Kim. Daga nan Cosell ya daina sharhin damben ƙwararru. A 1983 ya kira Alvin Garrett, wani baƙar fata ɗan wasan ƙungiyar Washington, ɗan ƙaramin biri a cikin sharhin Monday Night Football. Aka yi ca a kansa. Shi dai ya ce kalmar wasa ce da yake kiran jikokinsa da ita, amma magana zarar bunu ce. Ya bar shirin bayan ƙarewar kakar wasan. Ya ci gaba da aikin rediyo har 1992, ya rasu a New York ranar 23 ga Afrilu, 1995.