Arizona Ba Duka Hamada Ba Ce

Da an ambaci jihar Arizona ta Amurka, sai mutane su hango rairayi da ƙuna kawai. Gaskiya Phoenix, babban birninta, akwai zafi. A Yunin 1990 ya kai digiri 50. Amma arewacin jihar tudu ne. Garin Flagstaff yana bisa tsayin kusan mita 2,100 cikin dazuka, kuma da hunturu dusar ƙanƙara kan rufe shi.

Alamun jihar ma sun taimaka wajen ruɗin. Furenta na hukuma na saguaro ne, dogon tsiro mai ƙaya da ya ɗaga rassa sama, wanda a hamadar Sonora, wadda ta ratsa kudancin jihar, kaɗai yake fitowa. A Flagstaff kuwa sanyi kashe shi zai yi.