Memento: Saɓanin Fahimta Kan Labarin Fim Ɗin

Memento fim ne na Amurka wanda Christopher Nolan ya ba da umarninsa, aka fara haska shi a bikin finafinai na Benis a shekarar 2000. An gina shi kan gajeren labarin da ƙanensa Jonathan Nolan ya rubuta. Guy Pearce ne ya fito a matsayin Leonard Shelby, tsohon mai bincike na kamfanin inshora, wanda aka buge shi a ka daren da aka afka wa matarsa, tun daga nan ƙwaƙwalwarsa ta daina riƙe sabon abu fiye da ƴan mintoci, ko da yake yana tuna rayuwarsa ta da. Cutar sananniya ce wurin likitoci, musamman ta dalilin Henry Molaison, wanda ya kamu da ita bayan tiyatar ƙwaƙwalwa a 1953.

Leonard yana farautar wani mai suna John G., wanda yake zargi da kashe matarsa, domin ɗaukar fansa, kuma abin dogaronsa shi ne hotunan Polaroid da yake rubutu a jikinsu, da bayanan da ya sa aka zana masa a fata. Sassan fim ɗin masu launi suna tafiya daga ƙarshe zuwa farko, na baƙi da fari kuma suna bin tsarin lokaci, har su haɗu a ƙarshe. Ta haka mai kallo yake shiga kowane fage bai san abin da ya gabace shi ba.

Masu kallo suna gardama kan gaskiyar abin da ya faru da matar Leonard, kuma tushen gardamar shi ne jawabin Teddy, mutumin da yake rakiyar Leonard a farautarsa, wanda ya ce shi ɗan sanda ne. A cewarsa matar ba ta mutu a harin ba, Leonard ne ya kashe ta da allurar insulin da ya yi ta maimaita mata saboda mantuwa, sannan ya ɗora labarin a kan wani Sammy Jankis. Ya ƙara da cewa an riga an kashe John G. na ainihi tuntuni. Masu gaskata shi suna kafa hujja da wurin da aka nuna Sammy zaune a gidan jinya, cikin ƙiftawar ido sai Leonard ya bayyana a kujerarsa. Masu ƙaryata shi kuwa suna cewa mutum ne da ya yi amfani da Leonard wajen kashe Jimmy, dillalin ƙwaya, don ya samu kuɗi, saboda haka shaidarsa ba abar kamawa ba ce. Hujjar farko ta fi ƙarfi, amma ita ma hoto ne daga ƙwaƙwalwar da ta samu rauni.

Abin da fim ɗin bai bar shakka a kansa ba shi ne Leonard yana sane ya rubuta lambar motar Teddy a matsayin ta John G., don ya san zai manta cewa shi ya ƙulla wannan ƙaryar. Wannan ne ya kai ga kisan Teddy da aka buɗe fim ɗin da shi.

Wasu masu kallo ta Ghajini suka san irin wannan labari, wato fim ɗin Indiya da A. R. Murugadoss ya yi da harshen Tamil a 2005, ya sake yi da Hindi a 2008 tare da Aamir Khan. A can mugun sananne ne kuma fansar ta faɗa kan mai laifi, shi ya sa wanda ya fara da Ghajini yakan zaci Teddy ne maƙiyin da ake nema.