Ɗauka da Horar da Dogayen 'Yan Wasan Tsakiya a Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka

A ƙwallon kwando, ɗan wasan tsakiya shi ne wanda ke tsayuwa kusa da kwando, kuma yawanci ya fi kowa tsawo a ƙungiyarsa. A rukuni na ɗaya na hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, tsawon irin wannan ɗan wasa kan kama daga ƙafa 6 da inci 9 zuwa ƙafa 7 da ɗoriya. Da yake masu wannan tsawo ba su da yawa, jami'o'i kan ɗauki saurayin da bai goge ba, wani ma bai fi shekara biyu ko uku da fara taɓa ƙwallo ba, da fatan ya nuna a hannunsu.

Tarihi

Ana yawan danganta farkon wannan horo da koci Ray Meyer na Jami'ar DePaul da ke Chicago. A 1942 ya tarar da George Mikan, dogo mai tabarau, mai nauyin jiki. An ruwaito cewa ya sa shi tsallen igiya da darasin rawa don ƙafafunsa su saki. Daga nan aka samu atisayen da har yau ake kira da sunan Mikan: ɗan wasa ya tsaya ƙarƙashin kwando, ya jefa da hannun dama ta gefen dama, ya cafe kafin ƙwallo ta taɓa ƙasa, ya jefa da hagu ta ɗaya gefen, ba tsayawa. Mikan da Bob Kurland na kwalejin Oklahoma A&M sun addabi abokan karawa da doke ƙwallo a bakin kwando, har aka haramta taɓa ta idan ta fara gangarowa, a wajajen 1944. Daga 1967 zuwa 1976 kuma NCAA ta hana dankara ƙwallo cikin kwando, dokar da mutane da yawa ke alaƙantawa da Lew Alcindor na Jami'ar UCLA, wanda daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar. A 1976 ne Pete Newell ya fara sansanin horar da dogayen 'yan wasa, inda aka fi ba aikin ƙafa muhimmanci.

Hakeem Olajuwon ne ya juyo da idon jami'o'i zuwa Afirka. A Legas ya taso yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa yana kuma buga ƙwallon hannu, sai da ya kai wajen shekara 15 ko fiye sannan ya fara ƙwallon kwando. Ya isa Jami'ar Houston a 1980 ƙarƙashin Guy Lewis. Kakar farko bai buga ba, ta biyu daga benci yake shigowa. Abin da ya sauya shi shi ne gwabzawa da Moses Malone na Houston Rockets, ƙungiya a NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a lokacin hutu a ɗakin wasa na Fonde. Ya kai Houston wasan ƙarshe na gasar NCAA a 1983 da 1984, duk an doke su, na biyun a hannun Georgetown ta Patrick Ewing. A 1984 shi aka fara zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA. Dikembe Mutombo na Kinshasa ya je Georgetown a 1987 da niyyar karatun likita, koci John Thompson ya ja shi fili. Joel Embiid na Yaounde ya fito ne ta sansanin Luc Mbah a Moute, ɗan Kamaru da ya buga a NBA, ya yi sakandare a Florida, ya buga kaka ɗaya a Kansas, 2013 zuwa 2014.

Arewacin Najeriya na da hannu a wannan hanya. Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya, ya kafa Giants of Africa, ƙungiyar horar da matasa ƙwallon kwando, a 2003, kuma ta sansanoninsa Solomon Alabi na Kaduna ya samu zuwa Amurka, ya buga wa Jami'ar Florida State, aka zaɓe shi a NBA a 2010.

Abin da ake dubawa

Tsawon kai ba shi ne ma'auni na farko ba. Masu farautar 'yan wasa sun fi auna faɗin hannuwa idan an miƙe su, da inda yatsu ke kaiwa idan mutum na tsaye bai yi tsalle ba. Bakin kwando na kan mita 3.05. Sai hannu: shin yana cafe ƙwallo mai ƙarfi da wadda aka jefo masa ƙasa-ƙasa? Kociyoyi da yawa na ganin wannan ya fi komai wuyar gyaruwa. Ana kallon gudunsa daga kwando zuwa kwando, da saurin tsalle na biyu bayan ya dira, da yadda yake juya ƙugu. Wanda ya taɓa buga ƙwallon ƙafa ko ta raga kan zo da ƙafa mai sauƙi. Jifan kyauta, wanda ake ba ɗan wasa ba mai tare shi idan an yi masa laifi, shi ma alama ce, domin mai laushin hannu a nan ana sa ran zai iya koyon jifa daga nesa.

Karatu na iya rushe komai. NCAA na buƙatar darussa 16 na sakandare da ta amince da su, shi ya sa samari daga ƙetare kan fara da makarantun sakandare na Amurka irin Montverde da ke Florida. Ana samun taƙaddama kan shekarun haihuwa da kuma dillalan da ke kawo yaran.

Matakan horo

Ana farawa da jiki. Saurayi mai ƙafa 7 da bai cika ba, ture shi ake yi daga inda yake so ya tsaya, don haka shekarar farko kan tafi a ɗaga ƙarfe da ƙarfafa ƙugu da ciki. Dokar NCAA ta daɗe tana ba ɗalibi shekara biyar ya buga kaka huɗu, abin da ya ba da damar ajiye shi shekara guda yana atisaye kawai.

Tsaro ke zuwa kafin ci. Wasan jami'a minti 40 ne, laifi biyar ake korar ɗan wasa, kuma sabon shiga na iya kwasar biyu cikin 'yan mintuna saboda yana tsalle duk lokacin da aka yi masa wayon jifa, ko yana sauke hannu kan mai jifa. Ana koya masa ya bari sai abokin karawa ya bar ƙasa, ya tashi a miƙe hannuwa sama. A jami'a babu dokar daƙiƙa uku ga mai tsaro kamar ta NBA, wadda ke hana shi daɗewa gaban kwando ba tare da yana tsare wani ba, saboda haka ana iya girke shi gaban kwando a ɓoye rauninsa. Asirinsa kan tonu idan aka yi wa mai riƙe da ƙwallo shinge nesa da kwando, aka tilasta masa fitowa ya bi gajere mai sauri.

Wajen ci, dabara biyu ake ɗora masa: jifan ƙugiya ta kan kafaɗa, da juyawa ta ɗaya gefen idan an tare wancan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sauke ƙwallo zuwa ƙugu bayan ya cafe, inda gajeru ke fizge ta. Ana sa shi riƙe ta ƙarƙashin haɓa, gwiwoyin hannu a buɗe.

Inda ake faɗuwa

Ƙafa da baya su ne lagon dogaye. Embiid ya samu tsagewar ƙashi a baya a Kansas, sannan karayar ƙashin ƙafa ta hana shi kaka biyu na farko a Philadelphia. Hasheem Thabeet na Tanzaniya ya yi fice wajen tare jifa a Connecticut, aka zaɓe shi na biyu a 2009, amma bai kafu a NBA ba. Michael Olowokandi, haifaffen Legas, na ɗaya a 1998 daga Jami'ar Pacific, shi ma bai kai inda aka zata ba.

Halin yanzu

Tun 2021 ɗalibi na iya sauya jami'a ba tare da zaman shekara ba, kuma yana iya karɓar kuɗin talla da sunansa, kodayake bizar karatu na taƙaita wannan ga 'yan ƙetare. Ƙaramar jami'ar da ta raini dogo shekara biyu kan rasa shi daidai lokacin da ya fara amfani. Wani ɓangare na horon ya koma makarantar NBA da ke Saly a Senegal, inda Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya fito kafin kakarsa ɗaya a Duke, 2024 zuwa 2025.